Kafin Ki Ɗora Titi a Kan Iyakar Gona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Safiya 'yata,

Ina fatan kin sauka lafiya, kuma mutanen da aka haɗa ki da su sun karɓe ki da mutunci. Allah Ya tsare ki a hanyar Minjibir, tafiya da dawowa. Ya kiyaye ki daga sharrin mota, da ruwan da cikinki bai saba da shi ba, da bakin mutane. Na cusa takardar nan a cikin sallayarki ne domin na san da baki ba zan iya ba. Kin san halina, in na ɗauko magana mai nauyi sai in ƙare da dariya ko kuka, maganar ta tsaya a hanya.

Tun ranar da Yaya Hajara ta rasu aka kawo mini ke, ina amarya ko lallen ƙafata bai goge ba, ban taɓa zaunar da ke na yi miki magana irin ta uwa ba. Tazararmu ba ta da yawa. Kina ce mini Anti, muna cin gyaɗa a kwano ɗaya, ina karanta miki littattafan soyayyata ina tsallake wuraren da ba su dace da kunnenki ba. Yau dai ki yi haƙuri, uwa ce take magana.

Ran Talata ina tankaɗe a kicin na ji hirarki da Abbanki. Kin ce ƙungiyarku ta masu tsara gari ba za ta sabunta miki lasisi ba sai kin cika makin ƙarin ilimi kafin shekara ta ƙare, kuma an ce aikin sa kai ma ana ba da maki a kansa. Kika ce, "Ƙaramin ƙauye ne, Abba, duk gonaki ne. In zagaya, in zana musu tituna da wurin kasuwa da na asibiti, dagaci ya sa hannu, in dawo." Abbanki ya ce Allah Ya taimaka, ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci alhali ko kiran salla ba a yi ba. Ni kuwa na ajiye rariyar, domin kusan da waɗannan kalmomin ya taɓa yi mini bayanin aikin da ya yi wa garinmu na bayan Tofa. Shi ma maki yake nema a lokacin, shi ma shekara ta zo masa wuya. Kin san abin da ya faru, kina nan, amma kina yarinya, ba wanda ya gaya miki yadda aka yi aka kai ga haka.

Birni ne ya fara matso garinmu, masu sayen fili suna ta sintiri, dagaci ya ji tsoron kada a wayi gari gidaje sun cunkushe babu inda mota za ta shiga. Ni na ce wa Abbanki, tunda aikin sa kai kake nema, ga garin surukanka. Ya yi murna. Aka tara maza a ƙofar dagaci bayan Juma'a, kowa ya faɗi inda gonarsa ta fara da inda ta ƙare. Amma shi namiji ne kuma baƙo, zaure ne iyakarsa. Sai ya ce, "Rabi, ke 'yar gari ce, shiga gidaje ki jiyo mini abin da mata suke so."

Na shiga, amma ban jiyo komai ba, ni na yi ta magana. Na sha sabuwar atamfa da turare, in an shimfiɗa mini tabarma sai in fara zuba musu abin da yake cikin kaina. A lokacin kaina cike yake da gidajen cikin littafi: ƙofar ƙarfe mai buɗe kanta, fitilu a jere a bakin kwalta, miji ya dawo da yamma a mota mai sanyi matarsa ta tare shi da lemo. Na ce musu garinmu haka zai koma. Wata matar kawuna ta katse ni ta ce, "To Rabi, su matan cikin littafin naki, da me suke kaɗa miya?" Na ce ai ba a faɗa. Aka kwashe da dariya har da tafawa, ni ma na yi dariyar. Na koma na ce wa Abbanki mata sun ce suna son titi da fitila da asibiti. Ba su ce ba. Ni na ce, su kuma ba su musa ba.

Don haka in kin shiga gida, ki zauna ki yi shiru. Kada ki buɗe takardarki da wuri, kada ki fara da abin da kika zo musu da shi. In an ba ki fura ki sha, in ana sussuka ki sa hannu. Matar ƙauye in baƙuwa mai ilimi ta tambaye ta damuwarta, "Lafiya lau, babu komai" za ta ce, sau ɗaya, sau biyu, har sai ta ga kin daina sauri. Wannan "babu komai" gaisuwa ce kawai, kada ki rubuta ta a matsayin amsa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Abbanki mutum ne mai tausayi. Ya ga gonakinmu ƙanana ne, a manne da juna, in titi ya ratsa tsakiyar gonar mutum ya gama da shi. Sai ya ɗora titunan a kan iyakoki, yadda kowane manomi zai rasa ɗan gefe kaɗan. Maza suka yaba, dagaci ya sa masa albarka. Abin da bai sani ba, domin shi ɗan cikin ganuwa ne, kuma a makaranta an koya masa mai ƙasa shi ne mai abin da ya tsiro a kanta: a wajenmu gona daban, bishiya daban. In an raba gado maza sukan ɗauki gona, ɗorawa da kuka da tsamiya kuwa a bar wa mata. Uwa ta bar wa 'yarta, 'yar ta bar wa tata. Ko an sayar da gona, ɗorawar tana nan ta mai ita. Kuma mafi yawansu a kan iyaka suke tsaye. A hoton sama da yake aiki da shi, kowace bishiya ɗigo ce baƙa, babu suna a jikinta.

Ni na san wannan tun ina tallan daddawar Inna mahaifiyata. Na san wacce ce ta Inna, wacce ce ta Gwaggo Tabawa, wacce ce kakarmu ta ce ta Yaya Hajara ce, wadda da ta zama taki. Wata rana na iske Inna a tsakar gida tana wanke kalwa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Hanyar nan da mutumin naki zai fitar, ta ina za ta bi?"

Na ce, "Ta kan iyaka, Inna, don kada a cuci kowa."

Ta ce, "Ta kan iyaka."

Na ce eh.

Ta daɗe tana juya kalwar a cikin ruwa, sannan ta ce, "To, Allah Ya sa alheri."

Kin san Inna. Ko sunan surukinta ba ta kamawa, in ya zo gaishe ta daga bayan labule take amsawa. Ba za ta taɓa cewa aikinsa da gyara ba. Wannan maimaicin da ta yi shi ne iyakar ƙarar da za ta iya kaiwa, kuma wajena ta kai ta. Na gane sarai. Amma na dubi takardun Abbanki farare tas, na tuna ofis za a kai su gaban manyan mutane masu babbar riga da kwat, sai na ji kunyar a rubuta ɗorawa da daddawa a ciki. A gidanmu na Rijiyar Zaki ma lokacin ina ɓoye wa maƙwabta sana'ar uwata, in ta aiko mini da daddawa sai in naɗe ta leda uku in tura ƙarƙashin gado. Na ce a raina bishiya ce kawai, in birni ya zo wa zai nemi kalwa.

Ki kiyayi wannan kunyar, Safiya. Ke ma kina da ita, na gani ranar da ƙawayenki na jami'a suka zo kika ce kada in yi miyar kuka. Ban yi fushi ba, a wajena kika koya. Amma duk abin da kika ji kunyar rubutawa, shi katafila za ta fara takawa. In kin tsaya a gindin bishiya kada ki tsaya a kan maganar mai gona. Zai ce miki gonarsa ce, kuma gaskiya ya faɗa. Ki koma cikin gida ki tambayi tsofaffin mata wa ke girbe ta.

Na uku shi ne gaggawa, kuma a nan alhakin ba ya kan Abbanki. Da kaka ya yi aikin, dawa ta fi mutum tsawo. Ya dawo wata rana ya ce mini hankalinsa bai kwanta ba, bai ga ƙasa sosai ba, ya fi son ya bari sai bazara an share gonaki ya taka iyakokin da ƙafarsa. Ya ce ko da makin zai wuce shi a wannan shekarar, zai roƙi a ɗaga masa. Ni kuwa na riga na ji labarin za a yi walima a otal a ba waɗanda suka yi aikin sa kai takardar yabo, kuma da matansu za a je. Na kai ɗinkin leshi. Na daɗe ina ganin kaina ina shiga wurin a gefensa, ana juyowa ana kallo, kamar yadda ake yi a babin ƙarshe. Na ce, "Kai dai ba ka son a san ka. Mazan wasu suna ci gaba kai kana jiran a yanke dawa." Na yi kwana da kwanaki ina kumbure-kumbure. Ya kai takardun. Aka yi walimar, abincin ya huce kafin ya iso teburinmu, sunansa ma ba a faɗe shi daidai ba.

Da ya jira bazara da ya gani da idonsa. Domin masu ɗorawar nan, yawancinsu ba a garin suke ba. 'Ya'yan gari ne da aure ya kai su wasu ƙauyuka, ba sa zuwa taron ƙofar dagaci, ba a same su a gidajen da na shiga ba. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, in ɗorawa ta nuna, kowacce da ƙugiyarta da buhunta. Sai gidaje su cika, a kwana ana hira, a ga jariran da aka haifa, a yi ta'aziyyar da ba a samu zuwa ba, a shirya waɗanda suka yi faɗa. Ɗorawar ce izininsu na zuwa gida. Babu mijin da zai hana mace zuwa girbin bishiyar uwarta.

Takarda ta yi shekaru a ajiye har na manta. Sai aka samu masu ɗaukar nauyin aikin. Aikin titi da rani ake yi, saboda haka katafila ta iso daidai lokacin da ɗorawa ta nuna. Mun je garin ni da ke. Ina tsaye Gwaggo Tabawa ta sauko daga motar kasuwa da ƙugiyarta a kafaɗa, ta iske tata a kwance, saiwoyi a sama. Ta nufi direban.

Ya ce, "Baba, ki yi haƙuri, ni layi aka ba ni."

Ta ce, "Layin ya san uwata?"

Ta juya kan kawuna mai gonar, ya ce shi gefen gona aka roƙe shi kuma ya bayar, bishiya ba tasa ba ce balle a tambaye shi. Sai ta hango ni. Ta ce, "Rabi, matar injiniya. An ce ke kika bi gidaje kina tambaya. Nawa gidan ne ya yi miki nisa, ko warin daddawa ne ya koro ki?" Ta jingina ƙugiyar a jikin katanga ta bar ta a nan, ta koma bakin hanya ta jira motar da ta kawo ta.

Inna ta ɗauki ƙwarya ta kama hannunki kuka tafi wajen ta Yaya Hajara, wadda ita ma tana ƙasa, kuka yi ta tsinka daga rassan. Kina ta tsalle kina cewa, "Inna, yau ba sai mun ɗaga kai ba!" Ta ce, "Haka ne, 'yar birni, yau ta sauko mana." Ban sani ba ko kina tuna wannan ranar. Ni ban taɓa cin miyar daddawa ban tuna ta ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, titin ya yi amfani. Mai naƙuda tana isa asibiti yanzu, a da a amalanke ake ɗaukarta. Taswirar Abbanki da take rataye a falo, wadda kika taso kina bin layukanta da yatsa, ba mugun aiki ba ce. Da an karkatar da layukan da taku kaɗan, da an samu titi an samu bishiya. Wannan ne yake cina. Ba wani ne ya zo ya zalunce mu ba. Kyauta aka yi mana aikin, da zuciya ɗaya, kuma 'yar gida ce ta yi jagora.

Matan da suke sayen sabulu da maganin yara da kwanukan auren 'ya'yansu daga kalwa, yanzu sai sun jira miji ya dawo. Waɗanda suke zuwa da bazara sun daina, sai mutuwa ke kawo su. Gwaggo Tabawa ba ta sake kwana a garin ba har ta koma ga Allah. Na taɓa sayen ƙananan bishiyoyin ɗorawa na kai aka dasa a bayan gidan Inna, awaki suka cinye wasu, sauran kuma aka sayar da filin aka yi ginin bulo a kansu. Ko da sun rayu, ɗorawa ba ta yi wa wanda ya dasa ta sauri. Inna yanzu dunƙulen kanti take sa wa miyarta, ta ce ai ya fi sauƙi. Ba ta taɓa ce mini ke kika ja ba. Da ta faɗa da na samu sauƙi.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shirun da na yi. Ni da Abbanki ba mu taɓa zama mun yi maganar nan ba. Shi bai sake yin aikin sa kai ba, sai dai ya je taron bita ya zauna ya karɓi makinsa. Ni kuma na koma cikin littattafaina, inda duk wanda aka ɓata wa sai an ba shi haƙuri kafin shafi ya ƙare. Ranar da kika ce karatun tsara gari za ki yi, guɗa na yi, ban ce miki komai ba. Na bari har kika gama, kika fara aiki, kika haɗa kayan tafiya. Kada ki yi irin wannan zaman da mijin da Allah zai ba ki. Abin da ya lalace a hannunku ku biyu, ku faɗe shi da baki tun yana ɗanye.

Yanzu ga abin da nake roƙo, kuma na san nauyinsa. Kin tafi da kaka kamar yadda ya tafi. Ki yi awonki, ki yi zanenki, amma kada ki miƙa wa dagaci ya sa hannu sai bazara ta zo kin ga matan da za su sauko daga motocin kasuwa. Na san shekara za ta ƙare kafin nan. Na san ma'anarsa: makin ba zai cika ba, lasisin zai tsaya, a ofis a daina ba ki aikin da ake sa hannu, waɗanda kuka shiga tare su wuce ki. Wataƙila in kin roƙa a ɗaga miki, wataƙila a ƙi, ban san dokarku ba. Ke kika sha wahalar karatun nan ba ni ba, kuma abu ne mai sauƙi ga wadda take zaune a ɗaki ta ce wa wani ya haƙura da abincinsa.

Ba zan kuma yi miki alƙawarin in kin jira bishiyoyin za su tsira ba. Dagaci yana iya gajiya ya nemi wani, masu neman maki ba sa ƙarewa. Kina iya sa kowace ɗorawa a taswira da sunan mai ita, bayan shekaru wani ya zo da katafila bai ko buɗe takardar ba. Birni yana tafe, na ga yadda ya cinye gonakin da ke tsakaninmu da Tofa ina kallo ta tagar mota. A raina ban ga abin da zai tsayar da shi ba. Wani lokaci ma ina ganin za ki karanta wannan ki ce Anti ta sake shiga duniyar littafi, ki ninke ki mayar cikin jaka. In kin yi haka ba zan riƙe ki ba, uwa ba ta riƙe 'yarta a kan abin da ita ma ta kasa.

Amma yanzu haka, a wani ƙauye da ba za ki taka ba, akwai matar da take ƙirga watanni a zuciyarta, ta riga ta tanadi buhu, ta gaya wa mijinta in ɗorawa ta nuna za ta gida. Ba ta san sunanki ba, ba ta san an turo kowa ba, kuma babu wanda zai aika mata. Ita nake roƙa wa. In kin zaɓi ki jira ta, ki dawo gida mu karɓe ki hannu biyu, ɗakinki yana nan, abincinki yana nan. Abbanki kuma ki bar mini shi, ni zan tare shi da maganar, tun daga farkonta.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ji ƙan mahaifiyarki, Ya sa ki gama da mutanen nan lafiya babu haƙƙin kowa a wuyanki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, kada ki shiga gona ke kaɗai, ki duba ƙasa saboda macizai, lokacinsu ne. Allah Ya kai ki inda za ki, Ya dawo mana da ke cikin aminci.

Wassalam.

Uwarki,
Anti Rabi